Sunan da Ya Rage a Bakin Baba

Zuwa ga Auta,

Sallama da gaisuwa. Ina fatan takardar nan za ta same ka lafiya, kai da aikin asibitin naku da ba ya ƙarewa. Mu nan alhamdulillahi. Mijina yana gaishe ka, Goggo ma ta zo dubiya ta ce a gaida mata likita.

Kada ka yi mamakin ganin wasiƙa alhali kullum muna waya. Ka san gidan nan, ko tari mutum ya yi a tsakar gida ana ji a ɗakin Baba, kuma na lura duk abin da ake faɗa yana ganewa. Akwai maganar da ba zan iya yi a kunnensa ba.

Jiki dai da sauƙi. Tun da aka sallamo mu daga asibiti hannun dama bai motsa ba, yana nan kwance kamar jiƙaƙƙen tsumma, amma ƙafar ta fara jan kanta in na tallafe shi. Bakin ya ɗan karkace, in zai sha shayi sai na ɗaura masa tawul a wuya. Na kwaso keken ɗinkina na kawo falonsa, shago kuwa a rufe yake sai ranar da Goggo ta samu zama da shi. Mijina ke yi masa wanka kafin ya fita aiki. Sauran duk ni ce: juya shi, magani, abinci, wankin zanen gado.

Ban lissafa maka don a gode min ba, ubana ne. Abin da ke ci min rai daban ne. Auta, duk maganar duniya ta ɓace wa Baba sai kalma ɗaya, kuma sunanka ne. In yana son ruwa, "Auta." In filo ya zame, "Auta." In na ɗaga shi ya ji zafi, "Auta, Auta." Jiya ina durƙushe ina goge masa ƙafa, Goggo na zaune ta riƙe haɓa, sai ya faɗa. Ta ce, "Allah sarki, ɗan lelensa yake nema." Mai kantin bakin layi da ya shigo gaisuwa ya ce, "Ai shi ne a ransa, ko ciwo bai iya cire shi ba." Ni kuwa ina nan da roba a hannu kamar 'yar aiki, har da murmushi na yi musu.

Na san abin kunya ne babbar mace kamar ni ta zauna tana kishin ƙaninta. To ina yi. Da ma can kai yake ɗauka in zai je haɗa wa mutane wuta, kai ke riƙe masa jakar kayan aiki, ni kuwa sai dai "ke, matsa kar wuta ta ja ki." Na ɗauka na girma na wuce wannan, ashe yana nan.

Tunda kai ne ka karanci ƙwaƙwalwa, ka gaya min gaskiya. A ina ake ajiye sunayen mutane a cikinta? Ta yaya nawa ya goge naka ya zauna?

Yayarka.

*

Zuwa ga Yaya,

Na samu wasiƙarki, na karanta ta a tsaye a barandar sashenmu, na sake karantawa da na koma masauki. Ina lafiya, sai gajiya. Ki gaida mijinki, ki ce na gode masa ƙwarai. Allah ya saka muku.

Bari in amsa tambayarki yadda zan iya. Na duba hoton ƙwaƙwalwar Baba da kika turo, na kuma nuna wa babban likitanmu. Ƙwaƙwalwa ɓari biyu ce, hagu da dama. Daga cikinta jijiyoyi ke sauka ta cikin laka su bazu ko'ina a jiki, kamar wayarin ɗin da Baba ke ja daga akwatin wuta zuwa ɗakuna. Sai dai a can ƙasa, inda ƙwaƙwalwa ke haɗuwa da laka, yawancinsu suna gittawa, na hagu su koma dama, na dama su koma hagu. Shi ya sa gudan jinin ya toshe hanya a ɓarin hagu amma hannun dama ne ya shanye. Hannun kansa lafiyarsa ƙalau, saƙo ne ba ya isa gare shi.

A ɓarin hagun nan, ta gaba, kusa da inda mutum ke dafawa in kansa na ciwo, akwai wurin da ke harhaɗa magana ya tura wa harshe da leɓe. Nan ne ya fi lalacewa. Wurin da ke fahimtar magana yana ɗan baya, ta saman kunne, shi kuma ya tsira. Don haka kin yi gaskiya, yana jin komai. Sunanki bai goge ba, Yaya. Yana nan a ciki tare da sunan ruwa da na filo, ƙofar fita ce ta rushe.

Kalmar da ta rage kuwa ba zaɓar ta ake yi ba. A sashenmu akwai wani dattijo da ba ya cewa komai sai "gobe," akwai wata mata da zagi ɗaya ya rage mata, kuma 'ya'yanta sun rantse ba su taɓa jin ta yi zagi ba. In Baba ya ce "Auta" ba ni yake kira ba. Ita ce kawai take fitowa. Ki ɗauka ba ta da ma'ana.

Yanzu ga abin da ya fi damuna. A irin wannan ciwo lokaci ne komai. Da an isa da shi asibiti tun bakin ya fara karkacewa, wataƙila da ɓarnar ba ta kai haka ba. Wannan ya wuce. Amma watannin farkon nan su ne lokacin da ƙwaƙwalwa ta fi iya buɗe sabbin hanyoyi, wuraren da ke lafiya su karɓi aikin waɗanda suka mutu, in ana horar da su kullum. A gida ba za a iya yi masa abin da ya kamata ba. Muna da masu gashin ƙashi, muna da malamar koyar da magana, na kuma yi magana an yarda a ba shi gado. Ina so a kawo min shi nan.

Ki yi tunani, ki ba ni amsa da wuri.

Ƙaninki,
Auta.

*

Auta,

Muna lafiya. Baba yana lafiya, a gidan nan da ba a iya yi masa abin da ya kamata.

Na gode da darasi. Na gane waya, na gane akwatin wuta. Na kuma gane ɗaya maganar da ka cusa a tsakiya kamar allura a cikin katifa. "Da an isa da shi asibiti." Wa ke nan ranar? Ni ce. Ni na shigo masa da shayi na tarar yana kokawa da maɓallin riga. Na ce, "Baba, barci ne bai sake ka ba?" Ya yi min wata dariya ta gefe ɗaya, na ɗauka wasa yake. Na koma kicin. Sai da na ji faɗuwar kofi na dawo. Ba takalmi a ƙafata na fita layi ina buga ƙofofin mutane ina neman mai mota. Tun daga ranar nake tambayar kaina abin da ka rubuta, ban san kai ma kana tambaya ba. Kai kana ina a lokacin? Kana can kana duba iyayen wasu.

Kuma wai in ɗauka kalmar ba ta da ma'ana. Da daɗin faɗa ga mai sunan. Da "Yaya" yake ta kira kana nan kana kwashe masa fo, da na ga yadda za ka ɗauka.

Yanzu sunan bai ishe ka ba, shi kansa kake so. Ni in yi wahalar kwanakin da ba ya iya haɗiye ruwa, in ya fara tashi kuma a ce ai wajen likita ya warke. Goggo har ta fara, ta ce, "Ai gara wajen ɗansa, ya fi sanin kansa." Na ce mata ya san kansa a hoto.

Ba inda za shi.

Yayarka.

*

Zuwa ga Yaya,

Gaisuwa da fatan kuna lafiya. Wannan ce ta uku tun bayan taki, ban san ko kina buɗe su ba. In na kira sai ki kara wa Baba wayar a kunne ki yi tafiyarki, ina jin takunki. Ya ce "Auta," in ce "na'am Baba," mu yi ta haka har kuɗin waya ya ƙare. Wata ya kusa cika muna wannan.

Na je na tuno abin da na rubuta, na ga yadda ya fito. Wallahi ba ke nake nufi ba. Haka muke magana a sashenmu, da safe a gaban gadon majinyaci, har na manta wadda nake rubuta wa tana tsaye a ɗakin ranar. Mutane nawa ake kawo mana sai bayan sun kwana da abin, 'yan'uwansu na cewa iska ce ta buge su? Ke kika fita ba takalmi. Da ba ki fita ba da yanzu wata maganar muke yi. Ki yi haƙuri.

Kuma kina ganin da daɗi na rubuta cewa ba ni yake kira ba? Ranar farko da na ji cewa sunana ne ya rage masa, na shiga ɗakin da muke canza kaya na rufe ƙofa, na yi kuka na yi dariya. Daga baya karatuna ya ce min kada in yaudari kaina. Ke kina da hannunsa, kina da fuskarsa da safe, kin san irin kallon da yake yi in yana son a juya shi. Ni kalma ɗaya nake da ita, kuma na san ba tawa ba ce.

Ina roƙonki abu biyu. Na farko, kin tuna waƙar nan da yake yi in yana kan tsani, wadda shi ya ƙirƙiro abarsa kuma ba ta da kan gado? Ki zauna ta gefensa na hagu ki fara rera ta a hankali, kina ɗan bubbuga masa hannun mai lafiya. Waƙa ba hanyar magana kaɗai take bi ba, ɓarin dama yana da babban rabo a cikinta, kuma nasa lafiya lau. Ki gwada ki gani.

Na biyu, mu daina jan sa kamar igiya. Hankalinsa na nan, a tambaye shi. Tambaya ɗaya a lokaci ɗaya, wadda zai iya amsawa da kai. In ya ce zai zauna, ba zan sake tayar da maganar ba.

Ƙaninki.

*

Zuwa ga Auta,

Sallama. Duk na buɗe su, ba sai ka tambaya ba. Haƙurin na karɓa, saura kaɗan ya huce. Mijina ya ce in gaya maka shi ya sha faɗan da ya kamata ka sha, ka san yadda za ka biya shi.

Na gwada waƙar. Na jira sai da Goggo ta tafi don kar ta ce na taɓu. Na fara, ya kalle ni kamar bai san ni ba. Na sake. A karo na uku sai na ji murya ƙasa ƙasa tana bin tawa. Auta, ya rera ta tun daga farko har ƙarshe, kalmomin suna fita tar, har da wajen nan da yake jan murya kamar akuya. Na rungume shi ina cewa, "Baba, ka yi magana! To ce Yaya. Ce Yaya mana." Ya buɗe baki, ya matse ido, jijiyar wuyansa ta tashi, ya ce, "Auta." Sai ya fashe da kuka. Na ji kamar in mari kaina. Ban sake sa shi ba.

Ka ga ko abin farin cikin ma ta hannunka ya zo. Ni da na wuni da shi ban san yana da waƙa a ciki ba, kai daga nesa ka sani. Na gode, amma da ciwo.

Na tambaye shi kamar yadda ka ce. Na zauna a gabansa na ce, "Baba, kana so ka zauna nan wajena?" Ya kalle ni, ya kalli keken ɗinkin da kayan mutane suka taru a kai, ya sauke ido kan ƙafafuna, don kwana biyun nan sun ɗan kumbura. Na ce, "Kana so ka tafi wajen Auta?" Ya gyaɗa kai. Na sake tambaya ko na ji wani abu daban, ya sake gyaɗawa, har da ɗaga hannu.

To ka ci. Ba a yi min ƙarya ba, da idona na gani. Mijina zai kawo shi a mota ƙarshen mako, na haɗa masa kayansa da magungunansa. Ni ba zan zo ba, ina da ɗinkin mutane, kuma ba na son in tsaya a gefe ana nuna min yadda ake riƙe ubana.

Shayinsa ba ya son zafi sosai. Kada a ba shi ruwa yana kwance, yana sarƙewa.

Yayarka.

*

Zuwa ga Yaya,

Gaisuwa mai yawa. Ina fatan ƙafar ta saɓe, kuma shago ya koma daidai. Na ji shiru, na ce bari in bar ki ki huta, amma yau dole in rubuta.

Labari mai daɗi tukuna. Masu gashin ƙashi sun tsayar da shi tsakanin ƙarafa biyu, yana takawa daga wannan kai zuwa wancan. Babban yatsansa na dama ya motsa, na gani da idona. Malamar magana ta fara da waƙarsa, tana cire kalma ɗaya ɗaya daga ciki tana sa shi faɗa da ɗan kari. Shekaranjiya ya ce "ruwa." Bai fita sosai ba, amma ruwa ne.

Sai dai ba ya cin abinci, Yaya. Cokali biyu uku ya kau da kai. Ya rame, kuma ba ƙarfi ba gashi.

Tun ranar da ya iso yake kiran "Auta." Ina jin haka sai in taho da sauri, ko ina tsakiyar zagayen majinyata ne, abokan aikina suna cewa ka ga ɗan gatan Baba. In tsaya a gabansa in ce, "Ga ni, Baba." Sai ya sa hannun hagu ya ture ni gefe, a hankali, kamar mai ɗage labule, ya leƙa ƙofa. Na ɗauka haske nake tare masa. Kullum haka.

Malamar ce ta gano. Ta karɓi wayata tana nuna masa hotuna don ya gwada sunaye. Ta nuna masa Goggo, ya taɓe baki. Ta nuna masa ni, ya nuna ni da yatsa kamar yana cewa ga shi nan tsaye, sai me? Da ta zo kan naki, wanda kike zaune a shago da tef ɗin awo a wuya, ya dafe wayar da hannu ya ce, "Auta. Auta." Ya ƙi sakin ta. Malamar ta ce, "Likita, wace ce wannan?" Na ce yayata ce. Ta ce, "To ita yake kira."

Na koma masauki na kasa cin nawa abincin ni ma. Ni na rubuta miki cewa kalmar ba ta da ma'ana, kuma da farko ina ganin haka ne. Amma duk lokacin da ta fito ke ce kike zuwa da ruwa, ke kike gyara filo. Ƙwaƙwalwa tana ɗaure abin da ke zuwa tare, haka muke koya wa ɗalibai. Kin yi ta amsawa har ta zama taki. Kin ƙwace min suna, Yaya, a kan idona, kuma kina can kina fushi wai an fi so na.

Na zauna da shi na yi masa tambayoyi ɗaya bayan ɗaya. "Ka gaji da gida ne?" Ya girgiza kai. "Yaya ta yi maka laifi?" Ya harare ni. "Don ta huta ka taho?" Ya gyaɗa kai, ya nuna ƙafarsa mai lafiya, ya kumbura kumatu. Ƙafafunki yake nufi.

Ban ji daɗi ba, ba zan ɓoye miki ba. Na ɗauka ni ya zaɓa. Har ɗaki na gyara masa a masaukina don ranar da za a sallame shi daga gado, na sayi labule. Yanzu ga shi ina roƙo. Ki zo, ko na ɗan lokaci ne. Aikin da ake yi masa a nan yana amfani, bai kamata a katse ba, amma daga hannuna ba zai ci ba.

Ƙaninki, in har yanzu ina da suna.

*

Zuwa ga ƙanina,

Sallama. Ƙafa ta saɓe. A shago na karanta wasiƙarka, na ɓata wa wata mata yadinta da hawaye, na ce mata ruwan guga ne.

Ashe ƙafata yake kallo. Ni kuwa na koma gida ranar da suka tafi na zauna a bakin gadonsa ina cewa ko juyowa bai yi ba. Tsohon nan zai kashe ni. Ka bari in zo, sai ya gaya min wa ya ce masa na gaji, ko da waƙa ne.

Kai kuma ka daina wannan kumburin. Wa ya san yana da waƙa a ɓarin dama? Wa ya sa yatsansa ya motsa? Da ni kaɗai ce da yanzu muna nan ina shafa masa man zafi ina jiran ikon Allah. Labulen ma ka bar shi, ni zan kwana a ɗakin, in ya yi tsawo in rage maka.

Sai dai wata magana. Wace ce wannan malamar da ta samu "ruwa" a bakinsa? Ni na yi ta ba shi ruwan nan safe da yamma ban samu ba, ita daga zuwa ta samu. Ka gaya mata ina tafe, kuma a ɗakin zan zauna in suna darasi, in ga abin da take yi da ni ban iya ba.

Na raba ɗinkin da ya rage wa maƙwabciyata, Goggo za ta riƙa leƙa gidan. Mijina zai sa ni a mota jibi da safe. Kafin in iso, ka daina tsaya masa a kai da farar rigar nan kana miƙa cokali kamar magani. Ka cire ta, ka jawo kujera ta hagunsa, ka fara ci daga kwanon yana gani. Ba ya son ci shi kaɗai, tun rasuwar Inna haka yake. In ya ture ka, ka matsa ka sake dawowa. Ni ma ya ture ni ba sau ɗaya ba.

Sunan kuwa ba zan mayar ba, na sha wuya kafin in same shi. Ka lallaɓa malamar taku ta nemo maka wani.

Taka,
Auta babba.